Dokta Lumshe da Barcin Auta

In ana lissafin masu yi wa jama'a hidima, dole a sa Dokta Lumshe a sahun gaba, in ma ba a sa shi ba zai sa kansa. Bawan Allah ne da ya duba duniya ya ga ba ta samun barci, ya ɗauki nauyin kwantar da ita shi kaɗai. Ilimin bai zo masa a ɓagas ba. Ya yi shekaru yana sayar da katifa, a nan ya gano cewa yawancin mutane sai sun kwanta suke barci. Sauran karatun a wayarsa ya ƙarasa shi. Shi ya koyar da kansa, shi ya yi wa kansa jarrabawa, ya kuma ci da kyakkyawan sakamako. Daga nan ya sayi farar riga irin ta likitoci. Sunan Lumshe kuwa maƙwabta suka laƙaba masa, don ko gaisuwa zai yi sai ya lumshe ido ya sassauta murya kamar mai lallashin jinjiri.

Sana'arsa naɗar sauti. Yakan sa wani siririn amo a kunnen dama, wani da ya ɗan bambanta a kunnen hagu. In mutum ya sa hedifon, sai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa biyun ta riƙa jin wani bugu a hankali, wuu, wuu, kamar numfashin mai barci. A kan wannan amon Dokta ke ɗora muryarsa: saki kafaɗarka, saki haƙoranka, kana gangarawa. Yana kiran abin hifnosis, wato sa mutum barci da lallausar magana, yana kuma furta kalmar kamar shi ya haife ta.

Ƙanwarsa Auta ba ta taɓa damuwa da wannan ilimi ba sai da wuya ta kai mata. A gidan burodi take aiki, aikin dare, ita ke tsaron tanderu. Da rana ya kamata ta yi barci, amma ɗakinta bango ɗaya ne da shagon masu walda. Mijinta ya tafi neman arziki ya manta hanyar dawowa, yara kuwa ba su manta da cin abinci ba. Ran nan gyangyaɗi ya sace ta a tsaye, burodi ya fito baƙi ƙirin kamar duwatsun murhu. Mai gidan burodin bai yi dogon surutu ba. Ya ce in ta sake, ta ajiye masa rigar aikinsa ta kama gabanta.

Da ta taso da safe sai ta wuce gidan yayanta, idanu jajir.

Dokta ya saurare ta yana gyaɗa kai, ya ce, "Auta, kin zo a daidai. Mutane daga nesa suke roƙon abin da za ki samu yau saboda jini ɗaya. Na gama sabon aiki, Gangaren Ni'ima, sautin da zai bi da ke ta bakin kogi har ya shigar da ke lambu. Ban ce ba a taɓa yin irinsa ba, amma na bincika ban gani ba."

Ya kwantar da ita a doguwar kujerar falo, ya sa mata hedifon, ya ja kujera ya zauna a kanta yana kallon fuskarta. Amon ya fara, wuu, wuu. Auta ta ji kafaɗunta sun sauka da kansu. Muryar Dokta na cikin bayyana tarihin rayuwarsa da irin gwagwarmayar da ya sha, sai barci mai daɗi ya yi gaba da ita.

Girgiza ta aka yi.

"Auta! Ke Auta! Barci kike yi?"

"Yaya, ba shi na zo yi ba?"

"Ko gabatarwa ba a gama ba! Ba ki ji kogi ba, ba ki shiga lambu ba. Barci da tsari ake yinsa. Na tanadi wurinsa, can bayan lambu. Duk wanda ya yi barci kafin lambu ba barcina ya yi ba, gajiya ce kawai ta kayar da shi. Wannan ko jaki ya iya."

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutum ya zauna ya ƙera jimloli irin waɗannan, masu sa tsigar jiki tashi, a ce wata ta yi munshari a kansu? Da yake gwani ba ya rasa dabara, sai ya koma kan kwamfutarsa ya gyara aikin. Kafin kowace jimla da yake alfahari da ita ya sa 'yar ƙararrawa, ƙilin, don kada mai sauraro ya yi asara. Inda ya ga maganar ta yi zurfi sosai, ya maimaita ta da ƙarfi.

Haka Auta ta riƙa zuwa kullum da safe. Ta kwanta, amo ya ɗauke ta, ƙilin, ta zabura. Ya sake ɗaukarta, ƙilin. In an kai ƙarshe kuma akwai tambayoyi. Wane launi ne furen da ke bakin kogi? Tsuntsun a dama yake ko a hagu? In ta faɗi ba daidai ba a koma farko. Har ta kai ko ta samu ta kwanta a ɗakinta, da masu walda sun buga ƙarfe sai ta tashi zaune tana cewa shuɗi ne, Yaya, shuɗi ne.

A wurin aiki kuwa ta koma jiƙa tsumma tana ɗorawa a wuya, tana mintsinin cinyarta har ta yi tabo. Mai gidan burodin ya daina yi mata magana, sai kallo, irin kallon da ake yi wa kujerar da za a fitar.

Dokta bai ga wannan ba, don shi abin da ya gani ci gaba ne: yanzu mara lafiyarsa tana kaiwa ƙarshen lambu idonta biyu. Ya yanke shawarar lokaci ya yi da za ta ba da shaida, masu sauraronsa su ji daga bakin wadda ta warke. Saboda girman ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya buɗe mata situdiyo, ɗakin da yake naɗar sautinsa.

Tsohon sito ne a bayan kicin, ko matarsa ba ta taɓa leƙa shi ba. Bango da rufi duk an manne su da soso mai kauri, ƙasa kafet ne mai laushi, babu taga, ƙofar kuwa an bi gefunanta da roba. Ga makirfo a tsaye kamar mai gadi.

"Kin ga nan?" in ji Dokta. "Da hannuna na toshe kowace kafa, har ramin makulli. Ko tirela ta faɗi a waje ba za ki ji ba. Abin da za ki ce kaɗan ne: da ina cikin duhu, sai Allah ya haɗa ni da Dokta. Kada ki ce yayanki ne. Bari in sako farar rigata, murya ta fi fita a cikinta."

Ya fita ya ja ƙofa.

Auta ta tsaya. Babu walda, babu yara, babu kogi, babu ƙilin. Shiru irin wanda ta manta akwai shi a duniya. Ta dubi makirfo, ta dubi kafet, ta dubi sakata. Ta tura sakatar, ta yi matashi da mayafinta.

Abin da ya faru a waje matar Dokta ce ta ba da labari daga baya, tana yi tana share hawayen dariya. Ya ƙwanƙwasa, ya buga, ya yi kira har jijiyar wuyansa ta tashi. Aikin hannunsa ya yi kyau, ko ɗigon sauti bai shiga ba. Maƙwabta suka fara taruwa. Da ya ga idon jama'a sai ya tuna shi masani ne. Ya gyara riga, ya durƙusa, ya kafa baki a jikin ƙofa, ya lumshe ido.

"Kina jin muryata. Idanunki suna buɗewa a hankali. Hannunki yana miƙewa. Yana neman sakata. Yana neman sakata, Auta, don ubanki!"

Wata tsohuwa ta tuna masa uban nasu ɗaya ne.

Sai da rana ta yi sanyi sakata ta motsa. Auta ta fito da shatin kafet a kumatu, ido fari tas, tana miƙa kamar wadda aka sake haifa. Ko a lokacin ta san yau burodin mutane ba zai ƙone ba.

Dokta ya miƙe da ƙyar, gwiwa ta sage, murya ta dishe. Amma da ya ga fuskarta sai ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"Ku shaida! Ga aikina a gabanku! Auta, faɗa musu, wace kalma tawa ce ta kwantar da ke?"

"Wallahi Yaya ka iya aiki," in ji Auta tana ɗaura mayafi. "Duk faɗin garin nan, ɗakin nan ne kaɗai ba a jin muryarka. Gobe in na taso zan dawo."

Matar Dokta ta riƙo hannunta a bakin ƙofa.

"In kin tashi ki taɓa ni, Auta. Ni na riga ki shiga layi."