Ranar da Na Ga Jini a Ƙwaryar Nono

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu na noman rani a wajen Kura ba, can ƙarshen shekarun tamanin. Guda ɗaya ce tal, baƙin gilashi da koren rubutu, kuma ni aka ɗauko daga kan tafireta aka ɗora a kanta. Nan take kaina ya kumbura, har tafiyata sai da ta canza.

Injiniyan da ya koya mini ya ja kunnena: duk rabin awa in tashi, in leƙa taga, in kalli gonakin shinkafa can nesa don ido ya huta. Na ce to. A raina kuwa na ce Allah ya kiyaye. Malam Sabo, abokin aikina da muka yi takarar kujerar, kullum yana raɓe a bakin ƙofa kamar kyanwa ta ji ƙamshin kifi. In tashi ya zauna? (Ko fitsari matse shi nake yi sai azahar.)

Wata Laraba tun bakwai na safe nake shigar da jadawalin sakin ruwa, ido na raɗaɗi yana hawaye, ina sharewa da hannun riga. Bayan salla na fito gindin darbejiya, inda Inna Hajjo, wata dattijuwar Bafulatana, take dama mana fura. Manoma sun cika wurin, har da Manajanmu. Tana ɗaga faifai sai na ga nonon ja-ja.

Da mai hankali ne sai ya kama bakinsa. Ni kuwa mai kwamfuta ne.

"Jama'a, kada wanda ya sha! Jini ne a ciki! Haba Inna, saniyarki ba lafiya kika tatso mana?"

Jama'a suka taso. Aka leƙa ƙwarya, nono fari fat. Inna Hajjo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haƙa hanyar ruwan nan ba nake kawo nono." Sai ta nuna farar rigar Manaja da ludayi. "Wannan fa, ya ka gan ta?"

Na duba. Na murza ido, na sake dubawa.

"Ranka ya daɗe... ita ma da ɗan jini-jini."

Dariyar da aka yi, na tabbata har Bunkure an ji ta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe in ka daɗe kana ƙura wa koren rubutu ido, duk wani fari ja-ja za ka gan shi. Injiniya ya faɗa mini, lokacin ina can ina shafa kujera.

Manaja ya sa na durƙusa na ba Inna haƙuri, sannan ya ce, "Daga gobe duk rabin awa ka tashi ka huta. Sabo zai riƙe maka kujerar."

Ya kuwa riƙe ta, riƙo na amana, har ya yi ritaya. Ni aka mayar da ni tafireta, kusa da taga, inda nake kallon shinkafa son raina. Tun daga nan na sani, idon da ka hana hutun minti biyar shi zai nema maka na dindindin.