Majinyacin Da Na Ɗauko A Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon lokacin zafi ba, ko da ma na so in manta, domin matan masallacinmu na birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini da ita duk Sallah.

A tsakiyar shekarun 2000 ne, ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan ɗaki da ke kusa da titin Wendover. Da ɗaure kwalaye na fara, har na zama mai kula da ma'aikatan safe. Kuma bari in faɗa muku tun yanzu, ni mace ce mai yarda da kanta. Idan aka ce "wa ya iya kaza?" hannuna yana sama tun kafin a gama faɗin kazan. (Yawanci kuma na iya ɗin, wannan shi ne abin da ya lalata ni.)

Wata rana manajarmu, Madam Karol, ta tara mu ta ce kamfani ya ba wata ƙungiya mai kare tsuntsayen bakin teku gudummawa mai tsoka. Cikin yarjejeniyar har da ɗaukar nauyin kai yara bakin teku, 'ya'yan ma'aikata da na unguwanninsu, su ga tsuntsayen da idonsu, a koya musu kula da muhalli. Ana neman manya da za su raka su. Sai ta ƙara da cewa idan akwai wanda ya san wani abu game da tsuntsaye, ya fi kyau.

To, ni da aka haifa a gefen tafkin Madarunfa? Ni da na tashi ina kallon ɗinya da zalɓe da kirinjijiya, ina kiwon zabbin kakata? Na miƙe na ce mata ta daina nema, ta samu. Har na ba ta labarin yadda kakata take gane kaza marar lafiya daga bakin ƙofa, da yadda na gaji wannan idon. Madam Karol ta ji daɗi ƙwarai, ta ce za ta gaya wa mai ɗaukar hoton mujallar kamfani ya riƙa bina.

Na tara yaran 'yan Nijar da na 'yan Gana na unguwarmu har suka cika rabin bas. Cikinsu akwai 'yata Nafisa, wadda a lokacin take aji shida a lakwal, wato makarantar boko, kuma ta kai shekarun da ko numfashi na yi a gaban ƙawayenta sai ta ji kunya. Na kuma gayyaci maƙwabciyata Hajiya Rakiya ta taya ni riƙon yara. Ita 'yar zangon Kumasi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

Greensboro ba ta da teku, sai an yi doguwar tafiya gabas. Duk tsawon hanyar nan ban zauna ba. Na ɗora koriyar rigar kamfani a kan atamfata, na yafa sabon mayafina ruwan ƙwai, na tsaya a tsakiyar bas ina yi wa yara lacca. Na kwaikwayi kukan gauraka, na kwaikwayi tafiyar balbela. Yaran Turawa suka yi ta dariya suna tafi. Nafisa kuwa ta nutse cikin kujera, sai goshinta kawai nake gani.

Da muka isa, wata matashiya mai suna Jeni, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta tarbe mu. Fuskarta duk rana ta ƙona, ga wata hula mai faɗi kamar faifai. Ta tara yara a ƙarƙashin rumfa ta fara bayani. Na ji farkonsa: wai waɗansu ƙananan tsuntsaye ne farare masu baƙin kai da rawayan baki, ba sa yin sheƙa, a kan yashi tsirara suke zuba ƙwai, shi ya sa ake kewaye wurin da igiya. Daga nan sai na ce a raina, to ai wannan karatun 'yan aji ɗaya ne. Na koma bayan bas ina fito da robobin cincin da ƙosan da na soya, muna hirar bikin wata yarinya ni da Hajiya Rakiya. (Abin da Jeni ta faɗa a wannan tsakanin shi ne duk abin da nake bukatar ji a rayuwata ranar nan.)

Aka raba wa yara madubin hangen nesa, muka taka zuwa bakin igiyar. Wallahi wurin ya yi kyau. Ga teku har iyakar gani, ga tsuntsayen nan suna shawagi, suna faɗawa ruwa kamar an jefa dutse, su fito da ɗan kifi a baki. Jeni ta tafi da rabin yaran can ƙarshen igiya, ta bar ni da sauran. Madam Karol da mai hoto suna tare da ni.

Nan idon da na gada ya hango aiki. Can cikin fili, ba nisa sosai da igiya, ga wani tsuntsu a zaune shi kaɗai. 'Yan uwansa suna tashi suna sauka, shi ko gezau. Iska tana kaɗawa, ko gashinsa ɗaya bai motsa ba. Na zuba masa ido, na tafa hannu, na yi gyaran murya. Shiru.

"Ku zo ku ga wani abu," na ce wa yaran da Turanci, cikin muryar malamai. "Kun ga wancan? Ba shi da lafiya. Duk tsuntsun da ya ware kansa ya zauna shiru, ciwo ne ke cinsa. Idan aka bar shi cikin ranar nan, ba zai kai yamma ba."

Wata 'yar ƙaramar yarinya ta ce, "Amma Mis Jeni ta ce..." Na ɗaga mata hannu, na ce Mis Jeni a littafi ta karanta tsuntsu, ni kuwa da su na girma.

Nafisa ta matso ta kama bakin zanena. Cikin raɗa, da Turanci, ta ce, "Mama, kar ki je. Don Allah. Ba abin da kike zato ba ne."

Na ce, "Ke, sau nawa zan ce miki idan za ki yi mini magana ki yi da Hausa?"

Ta buɗe baki, ta nemi kalmar, kalmar ta ƙi zuwa. Kafin ta samo ta, na riga na ɗaga ƙafa.

"Anti, ka bar shi mana," in ji Hajiya Rakiya, bakinta cike da ƙosai. "Ka ga igiya fa. Bature bai ɗaure igiya banza."

Na ce mata rai ya fi igiya. Na tsallaka.

Na cire mayafi na riƙe shi hannu biyu, na duƙa, na fara sanɗa irin wadda muke yi wa zabuwa idan baƙi sun zo. Ban yi nisa ba sai sama ta rikice. Duk tsuntsayen filin nan suka tashi lokaci guda suna ƙara, suna kawo mini farmaki ta saman kai. Wani ya ɗauke ni da fiffike a kunne. Sai na ji ɗumi a kafaɗa, na ji a kan ɗankwali, na ji a hannu. (Ashe kashinsu ne makaminsu idan an taɓa musu gida, kuma sun iya saiti.) Daga nesa ina jin Jeni tana kira, ina ganin hularta tana tahowa da gudu. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa take yi.

Na isa kansa, bai motsa ba. Na yi bismillah na lulluɓe shi da mayafi, na sa hannu zan ɗaga. Ya ƙi ɗaguwa. Na ce a raina, Allah sarki, har ƙafarsa ta maƙale. Na ja da ƙarfi, sai ya taho gaba ɗaya. Na rungume shi a ƙirji, na ji shi tauri kamar taɓarya.

Na juyo na fuskanci yara da Madam Karol da kyamara, idona har ya kawo ruwa. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Mun makara. Ya mutu, har ya sandare."

Sai wani yaro ɗan Gana ya nuna hannuna ya ce, "Anti, mene ne wannan ƙarfen?"

Na duba. Wani dogon ƙarfe ne ya leƙo ta ƙarƙashin mayafin, yashi na zuba daga jikinsa. Na buɗe a hankali. Ido na fenti ya kalle ni. Baki na fenti, fiffike na fenti. Katako ne aka sassaƙa aka shafe, har da lamba a rubuce a cikinsa.

Ban san yadda zan kwatanta muku dariyar yara masu yawa da suka daɗe suna riƙe ta ba. Wasu har kwanciya suka yi a yashi. Hajiya Rakiya ta ƙware da ƙosai, sai da aka bubbuga mata baya. Nafisa kaɗai ba ta yi dariya ba, ta juya tana kallon teku kamar ba ta taɓa ganina ba.

Jeni ta iso tana haki, ita ma babu dariya a fuskarta. Ta ce in tsaya cak, kar in ƙara taku ɗaya. Ta ce in juya in bi sawuna, in sa ƙafa daidai inda na sa ta ɗazu. Haka na dawo kamar mai tafiya a kan siraɗi, da gawar katako a hannu, tsuntsaye suna ci gaba da yi mini ruwan abin da kuka sani. Kusa da igiya ta nuna mini ƙasa. Ƙwai biyu ne ƙanana masu ɗigo-ɗigo, launinsu sak da yashi, tsakaninsu da sawun takalmina bai kai tafin hannu ba.

Ta sa muka ja da baya duka, muka zauna shiru har iyayen suka dawo kan ƙwansu. Sannan ta maimaita bayanin da na rasa. Tsuntsayen nan ba sa son zama su kaɗai, don haka ake kafa na katako a wurin da babu haɗari, na gasken su gani su ɗauka 'yan uwansu ne, su sauka. Ta ce idan aka tashe su daga kan ƙwai cikin rana, zafi kan kashe abin da ke ciki, ko manyan tsuntsaye su sure. Yaran nan suka saurara kamar ana raba gado. Ni kuwa ina gefe ina goge ɗankwali da ruwan gora.

Na je na ba Jeni haƙuri, ba tare da na kawo zancen kakata ba. Sai a lokacin ta murmusa. Ta ce babu ƙwan da ya fashe, kuma akwai wani tsoho da yake sassaƙa musu katakan nan kyauta, za ta gaya masa aikinsa ya kai matsayin ruɗin mutum.

A hanyar dawowa ban yi kukan gauraka ba. Mun kusa gida Nafisa ta taso ta zauna kusa da ni, ta daɗe tana juya harshe, sannan ta ce, "Mama, na itace ne. Shi nake so in ce." Na ce mata ta yi ƙoƙari, gobe idan gida ya kama da wuta ta faɗa mini da duk yaren da ya zo bakinta.

Ranar Litinin na shiga ofishin Madam Karol da shirin jin mummunan labari, domin sunan kamfani ne a ƙirjina lokacin da na tsallaka igiyar. Ta ce ƙungiyar ta kira, gudummawa tana nan, tafiyar baɗi ma tana nan. Sai dai daga yanzu duk babban da zai raka yara dole ya zauna a koya masa tukuna, kuma ni ce ɗaliba ta farko. Hoton bai fito a mujalla ba, amma ban san yadda aka yi ya isa ɗakin cin abincin ma'aikata ba. Na je karatun, na zauna a gaba, na kuma raka yara shekara uku a jere. Ni ce ma mai gadin igiya, kuma babu yaron da ya isa ya ɗora mata yatsa.

Abin da na koya shi ne, ba duk wanda ya zauna shiru yake jiran in cece shi ba. Da na gaya wa maigidana haka, mutumin da zai iya wuni a falo bai ce uffan ba, sai ya sauke kofin shayinsa ya dube ni.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Shekara nawa ina zaune a nan lafiyata ƙalau, kina lulluɓe ni da mayafi."