Gullros Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta hana ni sakat, ni Ragnfrid Tveiten, a madadin mahaifina Gjermund da sauran iyalinmu na nan Dalen, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, wadda Baba ya raɗa wa suna Gullros. Ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara goma sha ɗaya, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai minti biyu ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu ne da tsufanta. A hannun wani malamin makaranta na saye ta, krona dubu da ɗari biyu a kuɗin ƙasarmu, har da jaka. Haruffa biyu sun riga sun fice mata daga madannin rubutu, batirinta kuma ba ya iya kai ta daga kicin zuwa falo. Amma mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Duk abin da aka ba ta ajiya, ta mayar da shi yadda yake.

Aibinta ɗaya ne, kuma zan faɗe shi ko da ba a son tonon asirin mamaci. Fankar da ke cikinta ba ta san shiru ba. Da an kunna ta sai ta fara, "Mmmmm," a hankali, ba hawa ba sauka, har tebur yana ɗan rawa. Baba ya ce haka wata saniyarsu take gunji a kan dutse lokacin yana yaro, shi ya sa ya ba ta sunan saniyar.

Wanda bai san aikin da ta yi mana ba ba zai gane girman rashin ba. Baba yana da shekara tamanin da bakwai, kuma a kansa akwai waƙoƙi arba'in da ɗaya da ya gada daga mahaifiyarsa. Ko ɗaya ba a rubuce take ba. A bara likita ta ja ni gefe ta ce mantuwa ta kama shi, in akwai abin da nake so in tambaye shi, in tambaya yanzu. Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan mun sha gahawa, sai in cire wayar firji, in rataya barguna a taga don kada wata ƙara ta shiga naɗi, in kafa makirufo a teburin kicin. Baba ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan tebur, ya karkata kai kamar mai jiran a kira shi, sannan ya fara. Haka muka naɗi arba'in. Ta ƙarshen ita ce babbar, wadda ake kiran shanu da ita su sauko daga dutse. Duk lokacin da na nemi ya yi ta sai ya ce, "Bari yara su wuce tukuna, uwar tana baya."

Game da sanadin ajalinta, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ce. Na gaji da jin gunjinta a ƙarƙashin kowace waƙa, na ce uwar waƙoƙi dai sai ta fito tas. Na sayo waya mai tsawon mita biyar, na zura ta ƙasan ƙofa, na ajiye marigayiya a baranda cikin sanyin Janairu, kusa da dusar ƙanƙara. Kicin ya yi tsit. Baba ya ɗora tafinsa, ya karkata kai, amma bai fara waƙar ba. Na ɗauka gajiya ce. Bayan awa guda na shigo da ita ɗaki mai ɗumi, ta yi gumi kamar kwalbar da aka fito da ita daga firji, ni kuma don gaggawa na sake kunna ta. Ta ce, "Mm." Ta ce, "Tik." Shi ke nan. Garin neman gira na rasa ido.

Eilif mai gyara, wanda muka yi aji ɗaya da shi, shi ya tabbatar da rasuwar. Ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ragnfrid, ke da kika fi mu lissafi a makaranta. Ko dankali ba a yi masa haka."

Marigayiya ta rasu ta bar makirufo ɗaya, da linzamin kwamfuta mai ciwon ƙafa, da jakarta, da doguwar wayar nan da ba na iya kallo. Ta kuma bar waƙoƙi arba'in, waɗanda Eilif ya ciro daga cikinta lafiya lau, kowacce da gunjinta a ƙasa.

Ba a cika mako ba na fara neman magajiya, don ba ni da lokacin zaman makoki. Na kalli masu tsada har idona ya yi ruwa. Eilif ya ce, "Ke ba gidan rediyo za ki buɗe ba. Tsoho ɗaya ne da makirufo ɗaya. Ki nemi mai isasshiyar ƙwaƙwalwa, mai ramin da wayarki za ta shiga, wadda ba ta da fanka kwata-kwata. Ta hannu ma ta isa." Na bi shawararsa. Na samo wata siririya, krona dubu uku da rabi, ko ka kara kunne a jikinta ba ka jin komai. Har alfahari na yi da ita.

Lahadin da ta wuce na kafa ta. Baba ya ɗora tafinsa a tebur, ya karkata kai. Na ce, "To Baba, mu je." Ya ɗaga hannun, ya duba tafin, ya mayar.

"Ina mai ba ni murya?"

"Wa ke nan, Baba?"

"Gullros mana. Ita take fara ɗauka, ni in ɗora a kai. Innata ma daga injin tace madara take ɗaukar tata. Ke kin taɓa ganin an hau doki ba likkafa?"

Wata huɗu ina zaune kusa da shi, ina tsine wa wannan ƙara a zuciyata, ban taɓa tambayar kaina abin da yake jira ba. Kunnensa ya yi nauyi, ashe da tafi yake jin ta. Na gwada yi masa gunjin da bakina, ya ce, "Kin yi sama. Tun kina ƙarama haka kike." Na yanko gunjin daga tsohuwar naɗa na saka masa a lasifika, ya ce bai ji komai ba. Can ya dubi bargunan taga, ya dube ni, ya ce, "Wace waƙa ma kika ce?"

Ina jin tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. A watan jiya ya manta sunan titinmu. Shekaranjiya ya tambaye ni ko an sauko da shanu, alhali rabonmu da saniya shekara hamsin. Ban san ko waƙar tana nan ba. Ban san ko ta kai wata Lahadin ba.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Lahadi mai zuwa, da ƙarfe ɗaya na rana, za a shimfiɗe marigayiya a teburin kicin, a gurbinta na kullum. Eilif ya ce fankar ba ta mutu tare da ita ba, zai haɗa mata batir ta juya a cikin gawar. Ya kuma ce bai yi alkawarin muryar za ta fito daidai da ta da ba, wannan sai an kunna. Magajiya za ta zauna gefe ta yi naɗi. Ranar Litinin da safe za a kai gawar wurin tara tsofaffin kayan lantarki na ƙaramar hukuma, in dai Baba ya yi waƙar. In bai yi ba, za ta ci gaba da kwana a tebur, ni kuma ban san me zan yi ba.

Ba a buƙatar furanni. Akwai gahawa da waina bayan an gama. Masu zuwa su cire takalma a bakin ƙofa, su kashe wayoyinsu, mai tari ya yi shi tun a waje. Allah ya jiƙan Gullros, ya yafe mini abin da na yi mata. Kuma duk wanda ya ga Baba ya ɗora tafinsa a kan tebur, don Allah kada ya motsa.