Rasuwar Khulan da Dami Sittin a Bayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Yondon ɗan Damdin makiyayi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na garin Telmen da kewaye rasuwar akori-kurarmu, Khulan, wadda rai ya yi wa halinsa da safiyar Talata a ƙofar rumbun ciyawa na gari. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu. Ta girme ni da goma sha ɗaya, a hankali kuwa ta ba ni ratar da ta fi haka.

Marigayiya haifaffiyar Rasha ce, amma a nan lardin Zavkhan ta yi rayuwarta duka. Ita ta ɗauko mahaifiyata ranar aurenta. Sau huɗu a shekara, in za mu yi ƙaura, take goya tantinmu, da murhu, da akwatuna, da kare a sama, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. 'Yan raguna nawa aka ɗumama a kujerarta ta gaba, babu wanda ya ƙirga, amma warin yana nan ga mai son shaida. Aibinta ɗaya, shan fetur kamar an aiko ta. Duk wanda ya san ta zai tuna gaisuwarta ta safe: kyar-kyar-kyar, sai tari biyu, sai shiru kamar tana tunanin ko ka cancanta, sannan ɓurum.

Game da jinyarta, tunda gari ya riga ya ɗauka, gara ku ji daga bakin mai laifi.

Duk tsawon rayuwarta ruwa zalla take sha a lagireto. Da hunturu, kullum da yamma Baba zai kwanta a ƙarƙashinta ya buɗe famfo ya tsiyaye ruwan tas, da safe ya narka ƙanƙara a tukunya ya zuba mata da zafinsa. Shekara talatin yana wannan bauta, ni ina gefe ina ce masa mai shayin mota. Bana gwiwarsa ta ƙi, ya miƙa mini makulli. Na ce to, zamani ya zo gidan Damdin. Na tafi kasuwar Uliastai sayen tosol, ruwan nan mai launi da ke hana lagireto daskarewa.

Jarka uku na tarar, ja da kore da shuɗi. Mai shagon ta tambaye ni iyakar inda sanyin wajenmu yake kaiwa, na ce ta bar dogon bincike ta miƙo shuɗin, shi ya dace da fentin marigayiya. Na ga ashirin da biyar a rubuce a jikin jarkar, iyakar sanyin da ruwan yake jurewa ke nan. Na gani da idona. A Telmen kuwa, ashirin da biyar ƙasa da sifiri ranar shanya ce.

Yaya Gombo bakanike ya gan ni ina ɗurawa, ya ce in zuba kaɗan a kwalba in ajiye a kan rufin tanti ya kwana, in ya wayi gari ya zama kunu, kada in kuskura. Na ce masa ya tsufa da tsoro. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Damdin, launi za ta sha, ko sanyi za ka hana?" Na yi dariya, na ɗaure famfon Baba da waya don kada ma wani ya taɓa.

Ta yi wata biyu lafiya lau, ina ta cika baki. Sai muka shiga tara ta uku a ƙirgen hunturu na kwana tara-tara, wadda ake cewa tana daskarar da ƙahon ɗan bijimi. Litinin da yamma na loda mata ingirici dami sittin. Talata gari ya waye da arba'in da uku ƙasa da sifiri. Na hura wuta a kasko na tura ƙarƙashinta kamar yadda kowa ke yi, na murɗa makulli. Ta ce kyar, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Da ɗumi ya ratsa ta, sai ga shuɗin ruwa yana gangarowa ta gefen inji yana ɗiga a kan wutar. Yaya Gombo ya zo ya zura yatsa a tsagar da daskarewa ta yi wa injin, yatsan ya shige. Bai zage ni ba. Da ya zage ni, da na samu na yi barci.

Ta rasu ta bar taya huɗu da safaya mai faci tara, da batir mai sauran numfashi, da rabin jarkar tosol da har yanzu take yi mini kallon raini. Ta bar Baba a masaukin hunturu, tafiyar kilomita casa'in, da tumaki da awaki ɗari uku. Ƙanƙara ta yi ɓawo a kan ciyawa, dabbobin suna tono har ƙafafunsu na jini. Abin da ya rage a rumbunsa zai kai Asabar, in an yi ƙoro. Wannan dami sittin ɗin su yake jira.

Jana'iza ranar Juma'a ce, da hantsi, a inda ta faɗi. Lama, malamin addininmu, ya buɗe littafi, ya ce wanda aka haifa a shekarar Zakara kada ya taɓa gawa. Duk garin nan an san ko wane ne ɗan shekarar Zakara, kuma na yarda da hukuncin. Yaya Gombo ne zai cire abin da zai ciru.

Masu zuwa ta'aziyya, don girman marigayiya kada ku kawo madara ko alewa. Ku zo da abin hawa. Mai ƙaramar mota ya ɗauki dami biyu, mai babur ɗaya, mai raƙumi shi ne babban baƙo, a ba shi wuri a gaba. Za a raba ashana da shayi kamar yadda aka saba, daga nan ayari ya kama hanyar arewa ta bakin tafki. Kowa ya duba abin da ke cikin lagiretonsa kafin ya taso, gawa ɗaya ta ishe mu.

Roƙo na ƙarshe. Baba bai sani ba tukuna, wajensu babu sabis. Duk wanda ya riga ni isa, ya sauke ciyawa ya yi shiru. Zai leƙa bayanku yana neman ta. Ku ce masa Yondon na tafe a motar ƙarshe, shi zai yi bayani.