Ranar da Na Gayyaci Baffa ta Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren 'yata ta fari ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Rabin haushin na gidan rediyo ne, rabin nawa ne, ko da yake matata ta ce rabon bai yi daidai ba.

Lokacin ina hedimasta a Bagudo, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko garin. A gidanmu ba uba ke ba da aure ba, sai babban dangi, wato Baffa, ƙanen mahaifina, da ke zaune a wani ƙauye gaba da Lafagu, dab da iyakar Benin. Ba a aika masa yaro ko takarda. Kai da kanka za ka je da goro, ka tuɓe takalmi, ka faɗa masa rana.

Matata ta tuna mini. Na ce wannan wahalar ta mutanen da ce, sanarwa zan bayar a rediyo kowa ya ji lokaci guda. Ai Baffa ba ya rabuwa da rediyonsa. A shekarar samun mulkin kai ya saye ta, a cikinta ya ji an sauke tutar Bature, kuma har lokacin tana aiki, ɗaure da roba.

"Malam, ka dai tai ka gane shi," in ji ta.

Na ce ta bar wa masu ilimi wannan.

Na je birni na ba da sanarwar. Na ji ta da kunnena sau shida a sabuwar rediyona, har da "Alhaji Hedimasta" (ban je Makka ba, amma ban gyara musu ba). Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne gidan rediyon ya kwashe labaransa da sanarwowinsa daga AM ya koma FM. Wai don murya ta fita tas. To ta fita tas ɗin, amma ga wa? Tsohon zangon yana ratsa daji da kogi har cikin Benin. Sabon kuwa ko a Bagudo sai na ja eriya na tsaya kusa da taga. Mutanen da suka shekara da shekaru suna saurarensu, aka juya musu baya ko sallama babu.

Ranar aure ta zo. Dangin ango suka tsallako daga Benin tun da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna. Babu Baffa. Azahar ta yi, shinkafa ta huce, baƙi suka fara magana ƙasa-ƙasa da yarensu na Dandanci. Liman ya ce shi ba zai ɗaura ba sai waliyyi. Daga cikin gida aka aiko mini cewa amarya tana kuka, ta ji wata tsohuwa cikin dangin ango na tambaya ko akwai abin da danginmu suka sani game da yarinyar da ya hana babbansu zuwa.

Nan idona ya rufe. Na hau babur, na ɗauki wan uban ango a baya don ya zama shaida cewa laifin ba nawa ba ne. (Da hannuna na ɗauko mai kallon kunyata, har da ba shi wurin zama.)

Muka tarar da Baffa a gindin mangwaro yana gyaran taru. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baffa, mi na yi maka? Sau shida anka sanar, duniya duk ta ji, kai kaɗai ka ƙi tahowa!"

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini rediyon.

"Kamo mini inda anka faɗi."

Na murɗa, sai shuuu. Na sake murɗawa, wani ya fito yana Faransanci. Na kai allurar ƙarshe na dawo da ita, gumi yana bin bayana, surukina yana tsaye yana kallon ƙasa.

"Tun azumi sunka bar mu," in ji Baffa. "Na aza su kaɗai ne. Ashe har da kai."

Na durƙusa a cikin ƙasar nan da babbar rigata. Ya bar ni a haka har ya gama ƙullin da yake yi, sannan ya shiga ya sako rawani. Shi da surukina suka hau babur ɗin, ni na biyo su a bayan motar albasa.

Bayan la'asar aka ɗaura. Da aka shafa fatiha, Baffa ya juya ga baƙi ya ce su yi haƙuri, yarinya ba ta da aibi ko ɗaya, ubanta ne ya yi karatu da yawa. Aka yi dariya har da liman.

Hukuncina kuwa, tunda rediyo ta daina zuwa ƙauyensu, ni zan riƙa zuwa duk Juma'a in ba shi labarin duniya da bakina. Na yi ta yi har ƙarshen ransa. Yakan saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ta da ta fi ni iya magana.

Na dai koyi abu guda: jin sunanka a rediyo ba shi ne an ji ka ba. Gidan rediyon kuma har gobe ban yafe musu ba, don su ba wanda ya sa su durƙusa.