Kuɗin da Aka Maƙala Mini a Rigar Aure

Zuwa ga Mai Girma, Mai Hangen Nesa, Shugaban Kwamitin Ceton Bankuna, Nikosiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, da fatan aikin ceto bai gajiyar da kai ba. Ni matar aure ce a Aradippou, iyakar ilimina littattafan soyayya, don haka a gafarce ni idan na fahimci lamarin a karkace.

Na farko. Ranar aurenmu ni da Neofytos muka yi rawa, dangi suna maƙala mana Yuro da allura har rigata ta ɓace. Kuɗin gina ɗakinmu ne a saman gidan babana, inda rodi ke tsaye suna jira tun ina 'yar makaranta. Pambos, babban abokin ango, a banki yake aiki. Ya ce ajiya aikin tsofaffi ne, mu sayi takardun bashin bankin, sun fi riba. Wa zai musa wa mutumin da ya riƙe masa kambin aure a coci? Muka sa hannu ba mu karanta ba. Ashe ranar na zama mai ba banki bashi, ni da ke karɓar cuku bashi a kanti.

Na biyu. A littattafaina, idan jirgi zai nutse, yarinyar ce jarumi yake ɗaukowa. Kai kuwa ka faɗa ruwa ka fito rungume da banki. Ba kishi nake ba, so nake dai in ji da me ya fi ni.

Na uku. An ce manyan ƙasashen da muke kuɗi ɗaya da su ne suka tsara a ceto banki da kuɗin masu bin sa bashi, ku kuka amince. Yau takarduna ko kofi ba za su saya ba. A rediyo kuna kiran abin aski. Babana ya ce bai taɓa ganin wanzamin da ke tafiya da kan mutum ba. Pambos ma an sallame shi. Idan ya hango mu sai ya tsallaka titi.

Na huɗu, wanda ya sa na ɗauki biro. Gine-gine sun tsaya, Neofytos ya rasa aiki, zai tafi Landan soya kifi a shagon kawunsa. Ya ce shekara biyu kacal. Haka kawun ya ce kafin a haife ni.

Roƙona ɗaya ne. Kun ce kowa ya ɗauki kasonsa na nauyin. Jirgin Neofytos zai tashi daga Larnaka ranar Asabar, uwarsa ta cika akwatinsa da zaitun. Ni likita ya hana ni ɗaukar kaya sai na sauka. Ban gaya wa Neofytos ba don kada ya fasa, kuma ya daina sayen jarida, ko an buga wasiƙar nan asirina a rufe yake. In ba damuwa, ranka ya daɗe, ka zo ka kama masa hannu ɗaya na akwatin.

Taka mai biyayya, wadda ba ta da sauran abin da za a ceta,

Myrofora Hadjipieri