Katifar da Ba Ta Ci Ba, Ba Ta Sha Ba

Sallah ta ƙarato, ɗinkin mutane ya taru mini a shagona na Zongo har fargaba ta hana ni sakat. Lokotoro ya rubuta mini ƙwayoyin kwantar da hankali. Yana ta bayani ina gyaɗa kai, alhali hankalina yana kan wuyan rigar wani Alhaji.

Maganin ya yi aiki. Sai dai ba a jima ba ƙuraje suka feso mini a wuya da hannuwa, ina susa kamar na kwana a rumbun gero. Kallo ɗaya na yi musu na yanke hukunci: kuɗin cizo ne.

Matata ta ce, "Baban Hadiza, ai tare muke kwana. Ni me ya hana su cije ni?"

Na ce, "Sun san jini mai daɗi."

Na ja katifar aurenmu zuwa tsakar gidan da muke haya a Yantala, na tula mata isansi, na ƙyasta ashana. Har huɗuba na yi wa maƙwabta kan tsabta.

Washegari ƙurajen suka ƙaru. Lokotoro ya duba ya ce, "Maganin ne. Ban ce maka in ka ga ƙuraje ka dawo nan take ba?" Ya canza mini wani.

A tabarma muka yi Sallah. Har yau, ko sauro ne ya cije ni na ɗan sosa, sai matata ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya: "Jama'a, kowa ya ɓoye katifarsa!"